Yadda Ake Sassaƙa Turmi da Taɓarya da Hunturu, Har a Kai wa Dangi

Idan aka gama yankan dawa a ƙauyukan Kano da Jigawa, aka kai dammuna rumbu, aka ɗora harawa a kan rumfa, sai hannun magidanci ya samu sarari. Mai fadama ya koma kan alkama da albasa, wani ya rataya jaka ya tafi cin rani, wani kuma ya tsaya gida yana gyaran danga da yaɓen katanga. Daga Disamba zuwa Fabrairu babu lokacin da ya kai wannan daɗin aikin itace. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ta kwanta ana ganin hanya a daji, ga bukukuwan aure sun kankama, kowace uwa tana cigiyar turmi da taɓarya da za ta sa cikin kayan 'yarta. Injin niƙa ya rage wa mata wahala, wannan gaskiya ne, amma gidan da ake yin fura, ake dakan yaji da kuka da daddawa, ba ya rabuwa da turmi.

Sai dai ka sani tun yanzu, iskar nan ta hunturu ita ce babbar mai ɓata aikin. Tana zuƙe ruwan jikin itace da gaggawa, baya ya bushe ciki yana ɗanye, sai mutum ya wayi gari ya tarar da tsaga tun daga baki har gindi. Rabin gwanintar sassaƙa a wannan lokaci tana wajen hana itace saurin bushewa, kuma za ka ga maganar tana ta dawowa a kowane mataki.

Ka fara da maƙera

Kayan aikin ba su da yawa. Gatari na sara da rage kauri, babban gizago na gyaran jiki, sai ƙaramin gizago mai lanƙwasasshen baki da gajeriyar ƙota wanda zai iya shiga rami. Ka haɗa da zarto in kana da shi, da wuƙa, da dutsen wasa ƙarfe, da ƙusa ɗaya, da zare, da guntun gawayi. In babu su a gida, ranar kasuwa za ta raba ka da wannan damuwa: Wudil ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, Dambatta da Gujungu ranar Lahadi. Ka gaya wa maƙerin turmi za ka raraka, domin bakin gizagon rami daban yake da na sassaƙar ƙota. Waɗanda suka daɗe a rataye suka dakushe kuwa, ka kai a koɗa maka su, kada ka ce za ka lallaɓa. Dakusasshen ƙarfe ya fi mai kaifi raunata mutum, don zamewa yake yi daga jikin itace ya nufi ƙafa.

Kullum kafin ka ɗaga gatari ka duba ƙotarsa. Ƙotar da ta kama ruwan gatari gam da damina, da hunturu takan bushe ta saki. Ka buga kanta a kututture har ruwan ya koma mazauninsa. In har yanzu yana girgiɗi, tsoma kan a ruwa ya kwana, ko ka cusa masa siririn itace ya matse. Wurin sassaƙa ba ya rabuwa da yara masu kallo, ruwan gatari kuma in ya fice ba ya zaɓen inda zai sauka.

Tafiyar neman itace

Kada ka yi sammako. Bari hantsi ya dubi ludayi, sanyi ya ɗan karye, ka sha kununka, ka shafa man kaɗanya a ƙafa da leɓe saboda faso. Ka sa takalmi mai kauri don ƙaya da ƙarangiya, ka yi amawali da rawani ko wani ƙyalle saboda ƙura, ka rataya gorar ruwa, ka ɗauki sanda da zaren awo. Wannan fita ta farko ta gani ce kawai, saboda haka a bar gatari a gida. Mutumin da aka hango yana zagaya gonar wani da gatari a kafaɗa ya ja wa kansa magana tun bai taɓa komai ba.

Ka bi burtali ko hanyar gona, kada ka ratsa inda ba a gama kwashe kara ba. A wannan lokaci makiyaya sun sauko gonaki suna ba shanu kara, kuma babu wanda ya fi su sanin inda bishiya ta faɗi. Ka tsaya ka yi musu sannu da kiwo, ka tambayi lafiyar bisashe, sannan ka kawo maganarka: "Ko kun ga wata ƙirya ko maɗaci da iska ta kayar ta wannan yanki?" Sau da yawa yaro mai sanda a wuya zai nuna maka da baki, ya ce bayan waccan kuka, kusa da tsohuwar rijiya. Ranar da hazo ya yi kauri kada ka yi nisa, domin kukar da ka yi alama da ita ma sai ta ɓace maka.

Wane itace ake nema? Ƙirya ce gaba da kowa. Cikinta ja ne mai duhu, tana da nauyi da tauri, gara ba ta samun ta da sauƙi, shi ya sa ma maƙera suke son gawayinta. Turmin ƙirya in an kula da shi yakan kai ga jikoki. Matsalar ita ce ta yi wuya, musamman a arewacin Kano da arewacin Jigawa. An fi ganin ta in an gangara kudu, wajajen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila da Gwaram. Bayanta sai maɗaci, mai daɗin sassaƙa da kyan launi, amma sabon turminsa yana buƙatar wanki sosai kafin a ci abin da aka daka a ciki. Kaɗanya da ɗorawa suna yin turmi mai kyau, sai dai mai rai daga cikinsu ba ta saruwa a wurina: ɗaya tana ba da mai, ɗaya tana ba da kalwar daddawa, kuma abin da suke kawo wa gida duk shekara ya ninka turmi sau da yawa. Gawo ya fi taushi, ya fi sauƙi ga mai koyo, amma ba ya jure daka kamar ƙirya, ga shi manomi ba ya son rabuwa da shi. Da rani yake ganye, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zuba taki, da damina kuma ya kaɗe ganyen ya bar wa dawa rana. Marke na taɓarya ne da ƙota. Kuka da rimi kada ka ɓata lokacinka a kansu, ba su da ƙarfin da za su ɗauki dukan taɓarya. Darbejiya kuwa tana ko'ina, amma ɗacinta ya sa ban so ta a kayan abinci. In koyo kake yi, ka fara da ita ka sassaƙa kujerar tsugunno har hannunka ya faɗa.

Wadda ta fi dacewa ita ce bishiyar da guguwar damina ta kayar bana. Ba ta bushe ƙamas ba balle ta gagari gizago, ba ta kuma cika ruwa ba. Ka ƙwanƙwasa jikinta da sanda a wurare da dama. Lafiyayyen itace ƙararsa a dunƙule take, mai kogo ko ruɓa kuwa za ka ji yana amsawa ta ciki. Ka duba ƙasa: in ka ga garin itace ya zuba da ƙananan huji, ƙwari sun riga ka. Ka zaɓi miƙaƙƙen wuri wanda reshe bai fita ta jikinsa ba, domin ta nan tsaga ke farawa. Kuma kada ka zura hannu ƙarƙashin gungume ko cikin ɓawo sai ka tona da sanda. Sanyi yana kora kunama da maciji irin waɗannan wurare, ƙudan zuma ma sukan zauna a kogo.

Sai izini. Babu bishiyar da ba ta da mai ita, ko da a kwance take. In a gona ce, ka je wurin mai gona ku daidaita, ko da kuɗi ko da alkawarin muciya da taɓarya. Ka sanar da mai unguwa, in kuma akwai buƙatar takarda ka nemi malamin daji na ƙaramar hukuma. Dazuzzukan gwamnati irin Falgore da layukan bishiyoyin da aka dasa don tare hamada, ba wurin gatari ba ne ko kaɗan. Kano da Jigawa suna cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda aka yi wa hukumarsa doka a 2015, kuma duk wanda ya san Maigatari da Babura ya san dalili. Ni dai ban ga hujjar kayar da ƙirya mai rai, wadda ta girmi mai saranta, saboda turmi ɗaya ba. In ba ka samu faɗaɗɗiya ba, ka sayi gungume wurin masu itace, ko ka haƙura da ƙaramin turmi daga babban reshe.

Yanke gungume da ɗauko shi

Babban turmin surfe tsayinsa kamu 1 da taƙi 1 ne, wato santimita 65 zuwa 70, faɗin bakinsa kuma kamar taƙi 2. Ƙaramin na jajjage da yaji, taƙi 1 da rabi ya isa. Amma ka tuna da wadda za ta yi aiki da shi. Bakin turmi ya ɗan haura gwiwarta, in ya yi ƙasa bayanta ne zai biya, in ya yi sama taɓarya ba ta samun faɗuwa. Ka ƙara yatsa 4 a kowane gefe bisa awon da kake so, saboda bakin yanka shi ne ke fara tsagewa, daga baya sai ka datse shi.

Da ka gama yanka, tun a dajin, ka kwaɓa laka ka shafe bakunan nan biyu da ita da kauri. Kada ka ɓare ɓawo. Ka rufa buhu a kai kafin a ɗora a amalanke. In an iso gida kada a jefar da shi a fili. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, saboda haka ka nemi jikin katanga inda iskar ba ta bugawa kuma akwai inuwa, ko kuma cikin zaure in yana da faɗi.

Rarake ciki

Ciki ake fara yi kafin waje. Nauyin gungumen zai riƙe maka shi kada ya yi ta rawa, ɓawon kuma yana tsare ruwan jikinsa. Ka duba bakunan biyu, wanda ya fi lafiya da tauri shi ne gindi. Ka haƙa rami mai zurfin taƙi 1, ka dasa gungumen a ciki, ka mayar da ƙasa ka take ta sosai. Ka daidaita saman da zarto ko gizago ya kwanta lif. Sannan ka kafa ƙusa a tsakiya, ka ɗaura zare da gawayi a bakinsa, ka zagaya da'ira biyu: ta waje ita ce iyakar turmi, ta ciki kuma ka shigo da ita yatsa 3 cikakku. Abin da ke tsakaninsu shi ne kaurin baki.

Ka fara sara daga tsakiya, ka buɗe ɗan rami, ka riƙa faɗaɗa shi kana saro itacen daga gefe zuwa tsakiya a gicciye. Kada ka miƙa hannu ka sari can ɓangaren; kai ne za ka riƙa zagaya turmin, kullum kana saran gefen da hannunka ya fi iko da shi. Ƙafafunka a buɗe, babu wadda ke kan hanyar gizago. Sara ƙanana masu yawa sun fi babba ɗaya, domin babban sara in ya kama jijiyar itace sai ya ɓalle wurin da ba ka nufa ba. Layin gawayin nan kuwa kada ka taɓa shi sai a ƙarshe, ka bar ɗan tazara ta yatsa 1 da za ka share bayan an busar.

Zurfin ramin ya ɗan wuce rabin tsayin turmi, amma kada ya haura kashi 2 cikin 3. Ka gitta kara a baki, ka zura wani zuwa ƙasa, ka fito da shi ka gwada ta waje, nan za ka ga abin da ya rage. A babban turmi, gindi ya saura da aƙalla taƙi 1 na itace tsantsa, don shi ne zai sha duka shekara da shekaru, kuma a hankali yake cinyewa. Siffar ƙasan ramin ita ce ta raba gwani da ɗan koyo. Ka yi ta kamar cikin ƙwarya, a zagaye, babu lungu. In ta yi shimfiɗe, hatsi zai gudu gefe taɓarya ta yi ta dukan itace a banza. In ta yi tsini da yawa, taɓarya za ta riƙa maƙalewa, geron kuma ya yi ta tsalle waje kaji suna murna. Da kyakkyawan rami, duk bugu ɗaya hatsin zai hau gefe ya gangaro ya dawo ƙarƙashin taɓarya da kansa.

Ba aikin wuni ɗaya ba ne. Ka yi da hantsi, ka huta, ka ƙara bayan la'asar. Duk lokacin da za ka tashi, ka kwashe sassaƙen da ya zuba, ka yayyafa masa ruwa, ka mayar da shi ramin ya cika, ka rufe da buhu. Wannan ɗan abu shi ne ke hana ka tarar da baki ya yi zara-zara da safe.

Wasu suna taimaka wa gizago da wuta: a zuba garwashi a ramin, a shafe gefe da ɗanyar laka don kada ya ci inda ba a so, a hura, a kankare abin da ya ƙone, a sake. Tana da amfani ga busasshiyar ƙirya da ta gagari ƙarfe. Ga itace mai sauran ruwa kuwa ban ba ka shawara ba, zafin zai fasa shi. In ma za ka yi, ka zaɓi ranar da iska ta kwanta, ka yi nesa da danga da rumbu da tarin kara, ga bokitin ruwa a gefe. Gobarar hunturu kowa ya san ba ta jiran a ɗebo ruwa a rijiya.

Gyaran jiki

Yanzu ka tono shi, ka kwantar, ka tokare da duwatsu. Ka ɓare ɓawo, ka sassaƙe farin itacen da ke ƙarƙashinsa gwargwadon yadda kauri ya bari, domin shi ƙwari suka fi ci. Ka auno kashi 1 cikin 3 daga ƙasa, ka zagaya layi, nan ne ƙugu. Ka shata shi da zarto ko gatari, sannan ka riƙa saro itace daga sama da ƙasa zuwa layin. A nan a yi hattara, ƙugu ya zauna a ƙasa da ƙarshen rami. Ka riƙa sa hannu ɗaya ciki ɗaya waje kana jin kauri. Yana ƙaruwa ne in ana gangarawa, ba ya raguwa. Siririn ƙugu yana da kyan gani a kasuwa, amma kada ya gaza rabin faɗin baki, gara ma ya ɗan fi.

Gindi ya yi faɗi. Ka ɗan fafe tsakiyarsa kaɗan yadda gefe ne zai taka ƙasa, sai ka ga turmin ya zauna daram ko a tsakar gidan da ba ta daidaita ba.

Busarwa

Nan ne haƙuri yake aiki. Ka shafe bakin turmi da gindinsa da man kaɗanya ko man gyaɗa da yawa, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, jikin kuma ka shafa sama-sama. Kada ka kuskura ka sa baƙin mai na inji ko fenti, abinci za a daka. Ka kife shi a kan duwatsu 3 a cikin ɗaki ko lungun zaure inda rana ba ta kaiwa, iska ba ta bugawa, ka lulluɓe da buhun algarara ko tsohuwar tabarma. Wasu suna binne shi cikin ƙaiƙayi, wannan ma dabara ce mai kyau. Ka ba shi mako 3 zuwa 4, kana leƙawa bayan kwana bibbiyu. In ka ga siririyar tsaga ta fara daga tsakiyar gindi, kada hankalinka ya tashi, kusan kowane turmi yana yin ta. Ka cusa mai a ciki, ka ƙara rufi. Wadda ake tsoro ita ce mai farawa daga baki tana gangarawa. Ita kam a ɗaure bakin nan take da igiya mai ƙarfi, a murɗa ta da ɗan itace har ta matse.

Kada gaggawar biki ta sa ka fitar da shi rana wai ya yi saurin bushewa. In lokaci ya ƙure, gara a kai amarya da turmin aro, naka ya biyo baya.

Taɓarya

Kwanakin jiran nan su ne na taɓarya. Tsayinta daga ƙasa zuwa kafaɗar mai daka, wajen kamu 3. Miƙaƙƙen reshen ƙirya ko marke zai yi, amma wadda aka faskaro daga babban itace ta fi ƙarko, ba ta cika tsagewa ba. Kawunan biyu su yi kauri, tsakiya ta sirance yadda in mace ta riƙe, yatsunta za su kusa haɗuwa da babban yatsa. Ka yi kai ɗaya mai faɗi na surfe, ɗayan ɗan matsattse na yaji da kayan ƙamshi, dukansu a zagaye daidai da ƙasan ramin turminka. Ka ɗora tsakiyarta a yatsa ka gani, in ɓangare ɗaya ya rinjaya sosai ka rage shi, in ba haka ba za ta riƙa karkacewa a hannu.

Mariƙin shi ne abin kula. Ka kankare shi da fasasshiyar kwalba kana bin tsawon itacen, har ka shafa da bayan hannu ba ka ji komai ba. Sartse ɗaya ko ɗan tudu da kai ba ka damu da shi ba, shi ne zai tasar wa mai lugude bororo kafin ta gama surfa kwano ɗaya. Kawunan nan ma a shafa musu mai, a jingine ta a inuwa.

Ragowar itacen ba a zubarwa. Tsagi mai tsawo ya zama muciya, guntaye su zama ƙotar lauje, sassaƙe kuma ya tafi wutar jin ɗumi ta safe ko a aika wa almajirai su yi karatun dare.

Ƙarasawa da wankin farko

In turmi ya yi sauƙi a hannu, ƙararsa ta ƙara tsauri in an ƙwanƙwasa, sai ka share tazarar nan da ka bari har kan layi, ka kashe kaifin baki ciki da waje, ka kankare ciki da kwalba. Mai son ado ya ƙona ƙarfe ya yi zane a jiki, amma kada zanen ya yi zurfi kusa da baki. Daga nan a zuba ƙaiƙayi da ɗan yashi mai tsabta a daka sosai, a zubar. A sake da dusa mai ɗan ruwa sau 2 ko 3, har ɗanɗanon itace ya fita. Na maɗaci sai an ƙara. Na ƙarshe a daka gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, man ya ratsa ciki, a goge da tsumma.

Kai shi

Zumunci a ƙafa yake, kuma turmin da ka sassaƙa da hannunka bai kamata a ba ɗan acaɓa ya kai ba. In ƙauyen na kusa ne, ka yi masa shimfiɗar buhu a amalanke ko bayan jaki, ka ɗaure, ka rufe shi daga rana, kai kuma ka bi a ƙasa. Ka buga waya tun jiya a san kana tafe, ka kauce wa ranar kasuwarsu don kada ka tarar da gida ba kowa. Ka fita da hantsi, ka ƙudurta dawowa kafin magariba, saboda sanyi yana sauka da wuri, hazo kuma yana rufe hanya. In hanyar ta bi ta ƙofar kawu ko wata gwaggo, ka ratse ko da gaisuwar tsaye ce. Labarin wucewarka zai riga ka komawa gida. Ka riƙe goro na manya, da rake ko gyaɗa ko magarya na yara.

Da isa ka yi sallama a ƙofar zaure, ka fara da maigida. Ka durƙusa ku gaisa a tsanake, ya yi maka sannu da hanya, ka tambayi iyali da yadda aka ƙare da kaka.

"Yaya sanyi, Baba?"

"Sanyi lokacinsa ne. Shiga mana, tana ciki."

Sai an ce ka shiga sannan yara su mirgino turmin tsakar gida.

"Gwaggo, ga ɗan turmi na sassaƙo miki, ba yawa."

"Kai, ɗan nan, kai da kanka? Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka."

Ka zo da ƙaramin gizago da guntuwar kwalba a jaka. Bari ta zuba gero ta gwada a gabanka. Ita ce za ta gaya maka in mariƙin taɓarya ya yi mata kauri, ko turmin yana ɗan rawa, sai ka gyara nan take kafin a kawo maka fura. In na kayan aure ne, uwar amarya ake miƙa wa. In kuma gidan surukai ne, ka bar matarka ko ƙanenka su gabatar, kai ka tsaya a zaure.

Kafin ka yi sallama ka bar musu bayanin kula da shi, musamman a shekararsa ta farko. Kada ya wuni a rana, kada a bar ruwa ya kwana a ciki. In an gama aiki a goge a kife shi a kan dutse ko bulo, kada gindi ya zauna a danshi gara ta samu hanya. Duk shigowar hunturu a shafa masa mai a baki da gindi. In tsaga ta fito a baki bayan shekaru, a kai wa maƙeri ya yi masa ɗaurin ƙarfe, ko a naɗe shi da jiƙaƙƙiyar ɗanyar fata, in ta bushe za ta matse shi da kanta. Wanda tsagarsa ta ratsa gindi har gari yana zuba kuwa ya gama daka, sai a mayar da shi mazubin dusar awaki, ko a kife shi a zaure a riƙa zama a kai.